Tauraron Ɗan'adam Ba Ya Kula da Kansa

Mutane da dama suna ɗauka cewa da zarar an harba tauraron ɗan'adam zuwa sararin samaniya, shi ke nan, sai a naɗe hannu ana karɓar bayanai. Gaskiyar magana ita ce, babban aikin yana farawa ne bayan harbawar.

Tauraron Aura, wanda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba a shekarar 2004 domin auna iskar ozon (mai kare duniya daga hasken rana mai cutarwa) da gurɓacewar iska, an ɗora shi a tsayin kusan kilomita 705. Ana zaton babu iska a can, alhali kuwa akwai 'yar siririyar iska da ke gogar jikinsa tana janyo shi ƙasa sannu a hankali, shi ya sa injiniyoyi suka shafe shekaru suna kunna ƙananan injinansa lokaci-lokaci don mayar da shi kan hanyarsa. Idan rana ta yi aman wuta, iskar saman takan kumbura, jan ya ƙaru. A Fabrairun 2022 hakan ya kayar da sababbin taurarin Starlink masu samar da intanet kusan 40 cikin 49.

Kullum sai masu lura sun duba zafin na'urori da ƙarfin batir, sun sauke bayanai ta tashoshin ƙasa irin ta Svalbard a Norway, sun kuma bi gargaɗin tarkacen da ka iya karo da tauraron. Ko na'urar awon ma ba a barin ta haka nan: tun 2007 wani abu ya tare wa na'urar OMI, mai auna ozon a jikin Aura, ɓangaren ganinta, dole masana suke tace bayananta suna ware gurɓatattun kafin a yi amfani da su.