Yaro ya gama sakandare a Zariya: ina zai nufa, wa zai biya?

Yaushe ake fara shiri?

Tun yaro yana aji biyar na sakandare. Jami'a tana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi, sannan jarrabawar JAMB mai darussa huɗu da jimillar maki 400. Amma takardu sun fi jarrabawa kayar da yara. Sai ka ga a NIN an rubuta Muhammad, a takardar WAEC kuma Mohammed, ko shekarar haihuwa ta saɓa. JAMB daga NIN take ɗaukar bayanai, don haka a daidaita su tun da wuri.

Dole sai ABU?

Ɗan Zariya ya taso yana ganin ƙofar Samaru da ta Kongo, kuma Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) tana nan tun 1962, ba abin mamaki ba ne idan zuciyarsa na can. Sai dai masu neman likitanci da lauya da haɗa magunguna sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, akwai tsohuwar FCE da ta zama jami'ar ilimi ta tarayya, akwai Kwalejin Noma ta Samaru. Wanda ya yi difloma ko NCE ko IJMB (karatun share fagen shiga jami'a) da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. A ganina wannan ya fi zaman gida shekara uku ana maimaita JAMB saboda kwas guda.

Me ya fi cin kuɗi?

Iyaye sukan lissafa kuɗin rajista su tsaya nan, alhali shi sau ɗaya ake biya a shekara. Na kullum ne ke karya mutum: abinci, data, buga takardu, kuɗin mota. Wanda ke kwana a gida a cikin birni ko Tudun Wada ya huta da kuɗin ɗaki, amma zuwa Samaru da dawowa kowace rana, in aka tara na zango guda, ba ƙaramin abu ba ne. Gadon hostel kuwa ba ya isar kowa, wanda ya rasa sai haya a cikin Samaru, mai gida kuma na shekara yake karɓa.

Bashin NELFUND fa, akwai ruwa a ciki?

Babu kuɗin ruwa, kuma wannan ne abin da iyaye suka fi tambaya. Bashin karatu ne na gwamnatin tarayya, an sa hannu a dokarsa a 2024, na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Kuɗin makaranta asusun makarantar ake tura shi, ɗalibi kuma yana iya neman naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Ana fara biya shekara 2 bayan bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Ga inda ake tuntuɓe: sai yaro ya samu gurbi, makaranta ta shigar da sunansa, kafin ya nema, kuɗin kuma ba ranar yake fitowa ba. Rajistar farko sau da yawa daga aljihun gida take fita. Shi ya sa uwa mai dabara take tsara adashinta kwasar ta faɗo lokacin rajista, manomi kuma ya ware buhunan masara na karatu tun da kaka.

Akwai tallafin da ba bashi ba?

Akwai hukumar tallafin karatu ta jihar Kaduna, da ta tarayya, da PTDF ga masu fannonin da suka shafi man fetur. Ana neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, a tanade ta kafin a buɗe shafin nema.

Wani ya ce zai samo mana gurbi in mun ba shi kuɗi.

Gurbin da bai fito a shafin CAPS na JAMB ba, ba gurbi ba ne. Yaro ya shiga da kansa ya duba, kada ya ba kowa lambar sirrinsa, ko mai shagon kwamfuta.