Ma'anar "alaji": kalmar da muka mayar buhun zuba tarkace

Kwanan nan duk inda ka juya sai ka ji alaji. Mai tallar maganin gargajiya a rediyo zai lissafo abin da garinsa ke warkarwa, tun daga basir har sanyin ƙashi, ya rufe da "alaji kowane iri". 'Yan mata a TikTok suna da alaji da talaka. Ran nan wani ɗan siyasa ya ce abokin hamayyarsa yana da alaji da gaskiya, mai gabatar da shirin ya yi ta ƙyaƙyata dariya. Waɗannan ba su dame ni ba, zolaya ce, kowa ya sani. Masu ci mini tuwo a ƙwarya su ne masu faɗa da gaske. Wanda ya sha madara cikinsa ya yi ƙugi, alaji. Wanda barkono ke tayar wa gyambon ciki, alaji. Wadda warin daddawa ke sa ta yatsine fuska ita ma ta samu sunan boko da za ta laƙaba wa ƙyanƙyaminta.

Ina da dalilin jin haushi. Ɗan ƙanwata, mai shekara 2 da 'yan watanni, likita ya tabbatar jikinsa ba ya shiri da abu uku: gyada, ƙwai da madarar shanu. Ranar da uwarsa ta kawo shi gida ta yi wa mahaifiyarmu bayani, ina zaune.

"Hajiya, an ce alaji gare shi."

"Wane Alhajin?"

Da aka warware mata sai ta saki tsaki. "Maigidan nawa za ku hana wa ƙuli? Da kunun gyada na yaye ku dukanku, wa ya mutu? Tsirfa ce irin ta 'yan boko. A riƙa lasa masa kaɗan-kaɗan, zai saba."

Ban ga laifinta sosai ba. Kafin ranar ta ji kalmar a bakin mutum goma, kuma dukansu abin da suke nufi bai wuce kumburin ciki ba. Ta yaya za ta yarda cewa a bakin na sha ɗaya maganar rai ce?

Bari in ɗauki madara, don a kanta rikicin ya fi yawa. Mutum biyu za su ce "madara ba ta karɓe ni ba", amma cutarsu ko hanya ba ta haɗa ba. Na farko hanjinsa ne ya gaza narkar da sukarin da ke cikin madara, don sinadarin da ke wannan aiki yana raguwa a jikin yawancin mutanen duniya bayan yaye. Fulani makiyaya na cikin al'ummomin da da yawansu ke riƙe shi har girma, mu sauran kuwa sai a hankali. Sakamakon shi ne ƙugin ciki, tusa da zawo. Abin kunya ne a cikin mota, amma ba ya kisa, kuma gwargwadon abin da ka sha gwargwadon wahalarka. Irin wannan mutumin sau da yawa yana shan kindirmo lafiya lau, don tsamin ya rage sukarin. Na biyu kuwa cikinsa ba shi da laifi. Garkuwar jikinsa ce ta ɗauki furotin ɗin madara a matsayin abokin gaba. Da ya shiga, ko da ɗigo ne, sai ta yi shelar yaƙi, ta saki sinadarin histamin da 'yan uwansa cikin jini, yawanci cikin mintoci, da wuya ya wuce sa'a biyu. Jiki ya yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, amai ya biyo, in abin ya yi tsanani maƙogwaro ya toshe. Shi wannan kindirmo ba ya cetonsa, man shanu ba ya cetonsa, madarar gwangwanin da aka cire wa sukarin ma ba ta cetonsa, don furotin yana nan daram. Nonon akuya da ake cewa a koma masa, mafi yawan irin waɗannan yara shi ma yana tayar musu, don furotin ɗin kusan ɗaya ne. Na biyun nan shi kaɗai ne mai alaji.

Kalmar kanta likitan yara ne ya ƙirƙire ta, kuma wannan kaɗai ya isa a ce mu bar wa yara kayansu. Clemens von Pirquet, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, a 1906. A zamaninsa ana yi wa yara masu mashaƙo allurar ruwan jinin doki, mashaƙon nan dai da ya addabi Kano da maƙwabtanta a 2023. Sai ya lura cewa yaron da aka yi wa allurar karo na biyu jikinsa yana tayar da ƙayar baya da sauri, kuma da ƙarfi, fiye da karon farko. Ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin "wani daban", ɗaya na nufin "aiki". Wato jiki ya canza yadda yake amsa abin da ya taɓa gamuwa da shi.

Shekara 4 kafin nan wasu Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, sun ga abin da ya fi wannan muni. Binciken nasu ya faro ne a jirgin ruwan Yariman Monako, kan dafin wasu halittun teku. Da suka koma Faris suka riƙa yi wa karnuka allurar dafin kaɗan-kaɗan, da niyyar jikinsu ya saba. Daidai shawarar Hajiya. Wani kare ya ɗauki allurar farko bai ko girgiza ba. Bayan 'yan makonni aka ƙara masa ɗan mitsitsi, nan take ya kama haki da amai, kafin sa'a ta cika ya mutu. Sun je neman riga-kafi sun dawo da kishiyarsa, shi ya sa suka raɗa wa abin suna anafilaksis, kuma a kansa Richet ya samu kyautar Nobel a 1913. Duk lokacin da na ji an ce "ai ya taɓa ci ba abin da ya same shi", karen nan nake tunawa. Cin farko ne garkuwar jiki ke rubuta sunan mutum, a na gaba take tare shi a zaure.

Mu ma muna da kalmarmu, kuma a ganina ta fi ta aron kyau: borin jini. Jini ya hau bori ba tare da an kaɗa masa garaya ba, ko kuma irin borin yaron da aka hana alewa, ya faɗi yana shure-shure a kan abin da bai kai ya kawo ba. Hoton ya yi daidai, don gyada ba guba ba ce, jinin ne ya yi borinsa. Nakasun kalmar ɗaya ne: in aka ce borin jini, fata kawai muke gani, ƙaiƙayi da ruɗu-ruɗu, a shafa toka ko man zafi a jira ya kwanta. Ba ta tuna mana da muryar yaro da ke dishewa, da numfashi mai fita da ƙara, da yaron da ya yi laƙwas a hannu. A wannan matakin Piriton ba ya aiki, ƙaiƙayi kawai yake ragewa. Ɗura manja kuwa, da muke yi wa duk abin da ya yi kama da guba, ƙara haɗari ne ga yaron da ke neman iska. Maganin allurar adirenalin ce a gefen cinya ta waje, sannan asibiti ba tare da tsayawa neman mayafi ba.

Gaskiya dai Hajiya tana da rabin gaskiya, kuma sai da na haɗiye girman kai kafin in faɗa mata. A 2015 likitoci a Landan ƙarƙashin Gideon Lack suka fitar da sakamakon binciken da suka yi kan jarirai 640 masu haɗarin kamuwa. An riƙa bai wa rabi abinci mai gyada tun kafin su cika shekara, rabi aka hana su. Da suka kai shekara 5, kusan kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka hana sun kamu da alajin gyada, waɗanda aka bai wa kuwa kusan kashi 3 ne. To kunun gyada da wuri ba kuskure ba ne. Amma riga-kafi ne ga wanda bai kamu ba. Wanda ya riga ya kamu, lasa masa a tsakar gida caca ce da ransa. In ma za a gwada, a gaban likita ake yi, da allura a kusa.

Sai kuma tambayar da ke hana ƙanwata barci: me zai ci? A Amurka doka ta tilasta a rubuta a jikin kowane kwalin abinci in yana ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa 8, madara, ƙwai, kifi, jatan lande da danginsa, gyada, kashu da danginsa, alkama da waken suya, daga farkon 2023 aka ƙara riɗi ya zama na 9. Tarayyar Turai 14 take lissafawa. Mu kuwa abincinmu a ƙullin leda da kwanon maƙwabta yake zuwa, ba ya da takarda. Kuma sai ka fara gudun gyada za ka san ƙasar gyada kake. Tana cikin yajin tsire. Tana cikin labun kilishi. Tana cikin miyar taushe, da kwaɗon zogale, da dakuwa. Ƙosai, waina, dambun nama, ɗanwake, duk da man gyada ake yi. Man gyadan kamfani da aka tace sosai furotin ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, amma man ƙulin gida da muke yabo don ƙamshinsa, ƙamshin nan shaida ne cewa ba a tace shi ba. Garin kunun yaye da ake tallatawa a matsayin mai sa ƙiba, gyada da waken suya ne ƙashin bayansa. Hatta abincin leda da ake bai wa yara masu tamowa a asibiti, gyada ce da madara.

Duk da haka yaron nan yana cin abinci, kuma ya yi ɓul-ɓul. Da safe kokon gero ko kunun tsamiya, da dafaffen dankalin Hausa da aka murƙushe da ɗan manja. Da rana faten doya ko na acca da alayyafo, ko shinkafa da wake. Eh, wake. Gyada dangin wake ce, amma yawancin masu alajinta suna cin wake lafiya, shi ma likita ya ba shi izini. Da dare tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, da nama ko kifi da aka dagargaza, ba a ɗiga man shanu. Kuka da zogale da ƙananan kifi suna taimakawa wajen cike gurbin kalsiyam da madara ta bari, ko da yake wannan lissafi ne da ya kamata a yi da masanin abinci, ba da ni ba. Ayaba, gwanda, kankana tsakanin abinci. Aya ma ya sha kununta, don ita saiwa ce ba dangin gyada ba, matuƙar a gida aka yi.

A ɗaya gefen akwai yaran da kalmar ke cuta ta hanyar hani. Na san uwar da ta ga ƙuraje biyu a wuyan ɗanta a tsakiyar zafin Afrilu, ta yanke hukuncin alaji, ta hana shi ƙwai, kifi, wake da nono gaba ɗaya, ba likita ba gwaji. Ƙurajen zafi ne. Yaro ya koma koko safe da yamma. Ko gwajin jini ko na fata ba ya yanke hukunci shi kaɗai, yakan nuna alama ga abincin da yaro ke ci lafiya, sai an haɗa da labarin abin da ya faru bayan ci. Kuma hanin ba lallai na har abada ba ne. Yawancin yara suna rabuwa da alajin madara da na ƙwai in sun tasa. Gyada ce mai naci, kusan ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da ita.

Abin da ya sauya Hajiya ba bayanina ba ne. Wata Asabar ta ce za ta yi wa maigidanta alale da hannunta, ba ƙwai, da manja, har tana yi mana gori cewa ta bi dokar likitanmu. Ya ci cokali huɗu. Kafin a ɗauke kwanon leɓensa na sama ya yi suntum, idonsa ɗaya ya rufe, ya fara wani tari busasshe. Ƙanwata ta saɓe shi ko takalmi ba ta saka ba. Allah ya taƙaita, suka dawo da daddare. Muka zauna muna bin diddigi, wake, albasa, attaruhu, manja, babu abin zargi. Sai yarinyar da aka aika markaɗe ta ce, da muryar wanda bai san ya faɗi komai ba, ai da ta je injin wata mata ce a gabanta da bokitin gyadar kunu, kuma mai injin bai ɗauraye ba.

Hajiya ba ta ce uffan ba ranar. Washegari ta sa aka fito mata da dutsen niƙan da ya shekara goma a bayan ɗaki, ta wanke shi da kanta. Yanzu yaron yana da tukunyarsa, da ludayinsa mai jan zare a ƙota.

Watan jiya a wajen wani suna, wata maƙwabciya ta miƙa masa cincin. Hajiya ta kaɓe hannun tun daga inda take zaune.

"Ke, rufa mini asiri. Kar ki ba shi, Alhaji gare shi."