Almara ba ƙarya ba ce, masu rediyo ku ji

Tun daga yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na watan Oktoban 2025 kalmar "almara" ta kama bakin mutane a Garwa da ke arewacin Kamaru, kuma har yau ba ta sake shi ba. A shirin Hausa na rediyo, a saƙonnin murya na WhatsApp, a teburin mai shayi, ko'ina ita ce. Aka ce za a gyara hanyar Ngaundere zuwa Garwa, almara ce. Aka ce wutar madatsar ruwa ta Lagdo za ta daina ɗaukewa, almara ce. Jirgin ƙasan da ya tsaya a Ngaundere tun 1974, ake ta cewa za a ja layinsa zuwa Garwa da Marwa har Njamena, shi kam mai gabatar da shiri har jan kalmar yake yi don ta ƙara daɗi a kunne.

Abin yana ci mini rai, don mai faɗin haka yana zaton ya zagi ɗan siyasa, alhali wanke shi ya yi. Hausa ba ta talauce da sunayen ƙarya ba. Akwai romon baka, akwai yaudara, akwai shaci-faɗi, akwai ƙanzon kurege, akwai zuƙi ta malle, kowace da wurin zamanta. Wanda ya ɗauki alkawari ya karɓi ƙuri'a bai cika ba, ya saɓa alkawari ne, kuma ana binsa bashi. Mai almara kuwa ba a binsa komai, saboda tun farko bai ce a gaskata shi ba.

A nan bambancin yake. Maƙaryaci yana ɓoye cewa ƙirƙira yake yi, da zarar an gane kasuwarsa ta watse. Mai almara shi ke fara sanar da kai. Iyayenmu mata ba su taɓa shiga tatsuniya ba sai sun yi sallama da "Ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa "Ta zo mu ji ta". Wannan amsar yarjejeniya ce: mun yarda a fita da mu daga duniyar nan zuwa wata. Idan aka kai ƙarshe aka ce ƙurunƙus, mai labarin da kanta za ta ce ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Wane maƙaryaci ne ke buɗe zancensa da gargaɗi ya rufe shi da gargaɗi?

Malaman adabi ma sun ware wa almara gida dabam da tatsuniya. Gajeren ƙagaggen labari ne da ake gwada kaifin basira da shi, sau da yawa ya ƙare da tambaya. Kowa ya san na mutumin da ya iso bakin kogi da kura da akuya da damin dawa, ga kwalekwalensa ba ya ɗaukar sai shi da abu ɗaya. Ka ba yara wannan a bakin Binuwai, ba wanda zai tambaye ka abin da ya haɗa mutum tafiya da kura. Sun karɓa. Amma ka ce ya ɗauki kura da dawa a tafiya ɗaya ka gani, za su yi maka ca, su ce ai ka ce abu ɗaya. Ke nan a almara an yarda ka kafa duniyar da ka ga dama, amma dokar da ka kafa ta ɗaure ka kai ma. Ƙarya ba ta da wannan takunkumi, kullum sauya ƙafa take yi don ta tsira.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wani fim ne da ya bi wayoyin yaran unguwarmu daga hannun masu tura finafinai a kati. Wasu sun same shi da Faransanci, ana kiransa Cœur d'encre, sunansa na asali kuma Inkheart, wato zuciyar tawada. An ɗauko shi daga littafin da marubuciya Bajamushiya Cornelia Funke ta fitar a 2003, aka yi fim ɗin a 2008, Iain Softley ya ba da umarni, Brendan Fraser ya fito a matsayin uban gidan. Tsohon fim ne, amma a wurinmu sabo, kuma ba abin mamaki ba ne: a watan Janairun 2009, lokacin da yake zagaya gidajen sinima na duniya, a lokacin ne aka rufe gidajen sinima uku da suka rage a Kamaru, na Yawunde da Duwala da Bafusam. Sai yanzu waya ta kawo abin da majigi bai kawo ba. Da ya iso sai na ji mutane sun rabu biyu, masu cewa "ai almara ce kawai" da nufin shirme ne, da masu cewa fim ɗin tsafi ne a hana yara. Duka biyun kuskure ne, kuma tushensu ɗaya.

Labarin na wani mai gyaran tsofaffin littattafai ne, ana ce masa Mo, wanda Allah ya yi wa baiwar murya: idan ya karanta littafi a bayyane, mutanen da ke cikin labarin sai su fito duniya da jini da tsoka. Bai san yana da baiwar ba sai wani dare da yake karanta wa matarsa da 'yarsu Meggie, tana 'yar shekara 3. Sai ga shugaban wasu mugaye da yaronsa mai wuƙa da wani mai wasa da wuta sun bayyana a tsakar ɗaki. Da ya waiwaya, babu matarsa. Ta faɗa cikin littafin. Shekara 9 ya yi bai sake karanta wa 'yarsa ko layi ɗaya a bayyane ba, yana bin shagunan tsofaffin littattafai yana neman kwafin da zai dawo masa da ita.

To ga dokar kwalekwalen nan ta dawo: in wani ya fito, wani zai shiga. Duk nauyin labarin a kanta yake. Ba don ita ba, da Mo ya zauna ya karanto zinariya daga littattafai ya gina bene, fim ya ƙare cikin minti goma. Saboda ita ne uba mai son littafi kamar ransa ya kame bakinsa, 'yarsa ta tashi tana zaton ba ya son yi mata karatu ne. Wannan shirun na shekara tara shi ne ya fi taɓa ni a fim ɗin gaba ɗaya, fiye da duk dodannin da aka haɗa da kwamfuta. Mutum nawa muka sani da suka bar sana'ar da suka fi iyawa saboda ta taɓa ci musu wani abu mai tsada, ba su kuma taɓa gaya wa 'ya'yansu dalili ba? Wanda ya kalli wannan ya ce shirme ne bai kalla ba.

Akwai wani wuri da na so a ce kowane malamin makaranta a Garwa da Marwa ya gani. Shugaban mugayen nan, da ya rasa Mo, sai ya samo wani mai irin baiwar, amma mai in'ina, ga tsoro ya cika shi don a kan wuƙa ake sa shi karatu. Duk wanda ya karanto sai ya fito a tauye: wani da rubutun littafin manne a fuska, matar Mo kuma da ya karanto ta ta dawo duniya ba murya. Ba na jin an taɓa nuna illar karatun tsoro da hikima irin wannan. Yaranmu suna tashi da Hausa da Fillanci a gida, su je aji a tsayar da su gaban allo su karanta Faransanci da bulala a gefe. Haruffan suna fita daga bakinsu daidai, amma abin da ke cikin haruffan yana fitowa a tauye, ba fuska ba murya. Yaron ya gama shafi, ka tambaye shi me ya faru a ciki, ya yi shiru. Mu da muka yi makarantar allo mun san cewa karatu da murya ake yi, mun san daɗin ƙira'ar wanda ya san abin da yake karantawa. Amma littafin labari, uba nawa ne a cikinmu ya taɓa buɗewa ya karanta wa ɗansa a bayyane bayan sallar isha? Tatsuniyar ma mun bar wa mata, matan kuma waya ta karɓe yaran daga gabansu.

Har da namu a cikin fim ɗin. Lokacin da aka tilasta wa Mo ya karanto dukiya daga labarin Ali Baba da ɓarayi arba'in, tare da zinariyar sai ga wani yaro ya faɗo, sunansa Farid. Daga Dare Dubu da Ɗaya ya fito, littafin da kakanninmu suka sani da Hausa tun kafin a haifi mai fim ɗin. Ɗan ƙanwata da muke kallo tare ya juyo ya ce, "Kawu, shi wannan a garinsu ma ba a ba shi abinci, don me zai koma?" Gaskiya ya faɗa, kuma Farid bai koma ba. A labarinsa na asali yaron ɓarayi ne da ba a ko ambaci sunansa, a nan ya sami wanda zai bi ya koyi sana'a. Mai wasa da wuta kuwa akasinsa ne, ya bar mata a can, duniyarmu da motocinta da hayaniyarta ba ta yi masa ba, kullum roƙonsa a mayar da shi gida. Duk wanda ya taɓa zama da mutanen da rikici ya koro daga bakin iyaka zuwa Marwa ko Garwa ya san waɗannan mutane biyu, wanda ya samu sauƙi a baƙunta da wanda kewar gida ke cinye shi a tsaye.

Masu cewa tsafi ne, ina girmama tsoronsu, don uba ne ke da alhakin abin da ke shiga idon ɗansa. Amma tsafi abu ne da mai yinsa ya gaskata kuma yake so ka gaskata, ka je ka ba da baƙin bunsuru. Nan ba wanda ya kira aljani, ba wanda ya yi yanka, ba wanda ya ce wa yaro ya gwada. Yaron da ya san Gizo ba ya magana a zahiri ya san mutum ba ya fitowa daga takarda. Abin lura ɗaya ne: dodon hayaƙi da toka da ke tashi a ƙarshen fim ɗin zai iya firgita ƙananan yara, gara babba ya zauna tare da su.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne ƙarshen, kuma ƙorafin daga ma'anar almara ya taso. Da rikici ya kai maƙura, aka gane Meggie ta gaji muryar ubanta, aka tsayar da ita ta karanto dodon. Takardar da aka rubuta mata don ta juya labarin ta kuɓuce, sai ta ɗauki alƙalami ta shiga rubutu a kan hannunta tana karantawa, duk abin da ta rubuta yana faruwa nan take. Mugaye su hallaka, sun hallaka. Kowa ya koma littafinsa, ya koma, in ban da Farid da mai wasa da wuta. Kallo ne mai daɗi, yara sun yi tafi. Amma ina doka? Awa ɗaya da rabi ana gaya mana ba a karɓa sai an bayar, sai a minti goma na ƙarshe aka ɗauki kura da akuya da dawa a tafiya ɗaya. A littafin ba haka aka yi ba. Marubucin da ke cikin labarin, wanda ya ƙirƙiro mugayen, shi ya sha wahalar tsara kalmomin da za su kashe su, kuma mai wasa da wuta bai koma gida ba, ya sace kwafin ƙarshe ya shiga duniya yana neman wanda zai karanta shi ciki, Farid na biye da shi. Sai a littafi na biyu, wanda ya fito a 2005, ya samu komawa. Masu fim suka ga iyali ne za su kalla, kada kowa ya fita da ƙunci, suka sa Mo ya karanta shi ya koma wurin matarsa, ba a kuma nuna mana wanda ya fito a madadinsa ba.

Ba na cewa fim dole ya bi littafi shafi da shafi. Abin da aka rubuta a ɗaruruwan shafuka ba zai shiga ƙasa da awa biyu ba sai an datse, kuma mai fim yana da ikon sauya wuri da fuska da jerin aukuwa. Abin da ba shi da ikon taɓawa shi ne farashin da ya gaya wa mai kallo tun a farko. Yara sun fi manya riƙe irin wannan. Ɗan ƙanwar tawa bai damu da yadda aka yi dodon ba, tambayarsa bayan an gama ita ce wa ya fito da aka mayar da mai wuta, kuma fim ɗin ba shi da amsar da zai ba shi.