Sabunta Fasfon Najeriya Daga Ƙasar Waje: Abin da Doka Ta Tanada da Inda Ake Yawan Maƙalewa

Ɗan Najeriyar da ke zaune a Jidda ko Landan ko Yawunde, dokoki biyu ne ke hawa kansa a lokaci guda game da fasfonsa. Dokar Najeriya ce ke fayyace wanda ya cancanci fasfo da hanyar da za a bi a ba shi, ita kuwa dokar ƙasar da yake zaune tana ɗaure izinin zamansa da aikinsa, wani lokaci har da asusunsa na banki, da wa'adin da ke rubuce a jikin wannan ɗan littafi. Ranar da wa'adin ya cika mutum bai daina zama ɗan Najeriya ba, amma ya rasa takardar da hukumomin can suka sani kuma suka yarda da ita, don haka duk wata hulɗa da ke buƙatar shaidar ko shi wane ne tana iya tsayawa cik har sai ya samo sabo.

Tushen haƙƙin yana cikin sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya ce ba za a kori ɗan ƙasa daga Najeriya ba, ba kuma za a hana shi shiga ko fita ba. A shari'ar lauya Olisa Agbakoba, wanda jami'an tsaron farin kaya suka karɓe wa fasfo a filin jirgin saman Legas a 1992, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1999 cewa 'yancin fita daga ƙasa ya haɗa da 'yancin riƙe fasfo, tun da ba a fita sai da shi. Dokar Shige da Fice ta 2015 kuwa ta ɗora alhakin bayar da fasfo a kan Kwanturola Janar na Hukumar Kula da Shige da Fice, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Abin da wannan ke nufi ga mazaunin waje shi ne, ko da yake ofishin jakadanci yake zuwa, jami'an shige da fice da aka tura can ne ke yi masa aikin, kuma rumbun bayanan da ke Abuja ne ke amincewa da buƙatarsa ko ya dakatar da ita. Jakada ba shi da ikon umartar na'ura ta buga fasfon da rumbun bai sake ba.

Tun da Najeriya ta koma fasfo mai ɗauke da bayanan lantarki a 2007, aka daina buga hatimin ƙarin wa'adi a jikin tsohon littafi. Abin da ake yi yanzu shi ne a soke tsohon a buga sabo fil mai sabuwar lamba. A 2019 aka fito da ingantaccen samfuri wanda ya zo da zaɓin shekara goma, kuma a halin yanzu iri biyu ne a gaban mai nema: mai shafi 32 na shekara biyar, da mai shafi 64 na shekara goma, wanda manya kaɗai ake ba. Lokacin da hukumar ta ƙara kuɗin fasfo a cikin gida daga 1 ga Satumba 2025, zuwa naira 100,000 da naira 200,000, ta bar na mazauna waje yadda yake, wato dala 150 na mai shafi 32 da dala 230 na mai shafi 64. Wasu ofisoshin jakadanci suna karɓar wani kuɗin hidima nasu na daban, wasu kuma suna buƙatar mai nema ya kawo ambulan ɗin da ya riga ya biya kuɗin aikawa domin a mayar masa da fasfon ta gidan waya. Ga wanda zamansa a waje mai tsawo ne, na shekara goma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin bambancin dala 80 bai kai kuɗin jirgi ko na masauki zuwa babban birni karo na biyu ba.

Hanyar nema a taƙaice take. Mutum zai shiga shafin hukumar na intanet, ya sa lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, da lambar tsohon fasfo, ya ɗora hotonsa da takardun da aka buƙata, ya zaɓi ofishin jakadancin da zai yi masa aikin, ya biya, sannan ya ɗauki ranar da zai je a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ya kamata a natsu wajen zaɓen ofishi, saboda ba kowane ofishin jakadanci ne ke da na'urar ɗaukar bayanai ba, kuma sauya wuri bayan an biya kuɗi yana da wahala. A Amurka, ƙasa mai wannan faɗin, ofisoshi uku ne: Washington da New York da Atlanta. A Saudiyya akwai Riyad da Jidda. Saboda nisan nan ne jami'ai kan ɗauki na'urorinsu lokaci zuwa lokaci su je wasu biranen da 'yan Najeriya suke da yawa su yi 'yan kwanaki suna aiki, kuma ƙungiyoyin 'yan ƙasa na garin ne kan fara samun labari.

Inda aka fi maƙalewa shi ne wurin NIN. Ƙa'idar ita ce sunan da ke fasfo da ranar haihuwa da jinsi su dace da abin da ke rumbun hukumar NIMC mai bayar da lambar, harafi da harafi, jere da jere. Wannan ƙa'ida ta fi cizon mutanen Arewa, domin yadda muke sa suna bai zo daidai da gurbi uku na fom ba. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a fasfo, Muhammad a NIN. Wani ya sa sunan mahaifinsa a gurbin sunan iyali a wata takarda, a wata kuma ya sa sunan garinsu, ya zama Gusau ko Bichi ko Funtuwa. Wata an rubuta mata A'isha a nan, Aishatu a can. Akwai kuma dattawan da ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, waɗanda kowane ma'aikaci ya ƙiyasta musu shekara ya liƙa 1 ga Janairu, ƙiyasin wannan ofishi bai zo ɗaya da na wancan ba. A idon mutane duk mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san haka ba, kuma jami'in da ke zaune a ofishin jakadanci ba shi da hurumin gyara bayanan NIMC, tun da hukuma ce daban mai dokarta ta 2007.

Saboda haka aikin farko, tun kafin a biya ko sisi, shi ne mutum ya ajiye takardar NIN kusa da shafin bayanan fasfonsa ya karanta su a tsanake. Idan ya ga saɓani, sai ya yanke shawarar wanne zai gyara. A ganina, muddin abin da ke fasfo gaskiya ne, kuma shi ne ke jikin biza da izinin zama da takardun makaranta, NIN ya kamata a gyara ya bi fasfo, domin sauya suna a fasfo yana jawo sauya shi a kowace takarda ta ƙasar da ake zaune, kuma hukumomin can suna kallon irin wannan sauyi da idon tuhuma. Idan kuwa fasfon ne ke ɗauke da kuskure, to buƙatar ta tashi daga sabuntawa ta koma neman sauya bayanai, wanda ke buƙatar hujjoji irin su takardar rantsuwa da sanarwa a jarida ko takardar aure, yana kuma ɗaukar lokaci mafi tsawo. An fi tsaurarawa a kan ranar haihuwa, inda ake neman takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wanda bai taɓa yin NIN ba yana iya yi a waje ta hannun cibiyoyin da NIMC ta ba lasisi, sai dai a can biya ake yi, saɓanin rajistar farko a gida.

A Nuwamba 2024, a zamanin ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo, an fara tsarin sabuntawa ba tare da zuwa ofishi ba, aka soma da Kanada, sannan aka faɗaɗa shi zuwa Ingila da ƙasashen Turai a farkon 2025. Mai nema yana sauke manhajar hukumar a wayarsa, ya ɗauki hoton fuskarsa da na yatsunsa da kyamarar wayar, manhajar ta gwada su da bayanan da aka ɗauka a baya. Tsarin na wanda ya kai shekara 18 ne, wanda yake sabuntawa ba tare da sauya komai ba. Yaro, da mai neman fasfo karo na farko, da mai gyaran suna, da wanda manhajar ta kasa tantance yatsunsa, duk sai sun je da ƙafarsu.

Hukumar ta sha shawartar mutane su fara nema tun saura wata shida wa'adin ya cika, kuma dalilin a bayyane yake. Ƙasashe da yawa, ciki har da Saudiyya, ba sa ba da biza a kan fasfon da bai kai wata shida a gaba ba, ƙasashen Turai na yankin Shengen kuma suna buƙatar aƙalla wata uku bayan ranar da baƙo zai fita. Ke nan fasfo yana daina amfani wajen tafiya tun kafin ranar da aka rubuta a jikinsa. A gefe guda kuma, samun ranar ganawa a ofishin jakadanci mai cunkoso na iya cin makonni, buga littafin ya ci wasu, balle idan an ci karo da matsalar NIN. An taɓa ganin yadda aiki ke taruwa: a 2023 sai da ma'aikatar ta share fasfo sama da 200,000 da suka yi jibge ba a buga ba.

Karɓar sabon fasfo ba shi ne ƙarshen aiki ba, tun da lambar ta canza kuma hukumomin ƙasar da ake zaune tsohuwar suka sani. Mai igama, wato izinin zama, a Saudiyya sai an mayar da bayanansa kan sabon fasfo a Jawazat, wato hukumar fasfo ta ƙasar, abin da mazauna can ke kira naƙalul ma'alumat, in ba haka ba ya sha wahala a filin jirgi. Mazaunin Ingila mai biza ta intanet sai ya shiga asusunsa ya sa sabuwar lambar. Bizar Amurka da ke liƙe a tsohon fasfo tana nan da ƙarfinta har wa'adinta ya ƙare, sai dai a riƙa tafiya da littattafan biyu tare, kuma kada a yi gangancin ɓamɓaro ta. Wannan kaɗai ya isa dalilin adana tsohon fasfo bayan an soke shi an dawo da shi.

Idan wa'adi ya riga ya cika kuma ga rasuwa ko wata lalura ta taso a gida, sashe na 41 ɗin nan yana aiki. A Disamba 2022 gwamnati ta umarci jami'anta na kan iyaka su bar 'yan ƙasa su shigo da fasfon da wa'adinsa ya ƙare. Sai dai umarnin bai ɗaure ƙasar da jirgi zai yada zango ba, kuma kamfanin jirgi na iya ƙin ɗaukar fasinjan idan ƙa'idar zangon ta hana, don haka jirgin da ke tafiya kai tsaye ya fi aminci, a kuma tambayi kamfanin kafin a yanki tikiti. Wanda ba shi da fasfo a hannu gaba ɗaya, ofishin jakadanci na iya ba shi takardar tafiya ta gaggawa, wadda ke kai mutum Najeriya sau ɗaya kawai, ba ta kuma dawo da shi. Ko ta wace hanya aka shigo, ba a sake fita sai da sabon fasfo. Mai ƙasa biyu kuma, wanda sashe na 28 ya halatta wa haka idan haifaffen ɗan ƙasa ne, ya sani cewa in ya gabatar da fasfon waccan ƙasar shi kaɗai, baƙo ne a idon jami'i, biza za a nema a wurinsa.

Fasfon da ya ɓace ko aka sace yana buƙatar rahoton 'yan sandan ƙasar da abin ya faru da takardar rantsuwa, kuma ana bincike kafin a maye gurbinsa. Dokar 2015 ta mayar da riƙe fasfo biyu masu aiki, da ba da bayanan ƙarya domin samun fasfo, laifuffuka masu hukuncin ɗauri ko tara. Wannan ya shafi ma'aikacin da kafili, wato mai gidan da ya ɗauki nauyin zamansa a Saudiyya, ya riƙe wa fasfo, wanda wani dillali zai ba shi shawarar ya ce fasfon ya ɓace. Fasfo mallakar Gwamnatin Tarayya ne, dokokin Saudiyya ma sun hana mai gida riƙe na ma'aikacinsa, don haka hanyar da ta dace ita ce kai ƙorafi ofishin jakadanci da hukumar ƙwadago ta can, maimakon rantsuwar ƙarya da za ta zauna a rumbun bayanai har abada.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 18 ana nema masa da takardar haihuwa, da NIN nasa na kansa, da kwafin fasfon iyaye, da wasiƙar amincewarsu. Matar aure kuwa ba ta buƙatar wasiƙar izinin miji domin nata fasfon, tun bayan da Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta soke wannan sharaɗi a 2009. Akwai kuma zuriyar alhazan da suka yi zango a Sudan ko suka zauna a Makka da Madina tun kakanni, waɗanda yawancinsu ba su taɓa riƙe fasfon Najeriya ba. Sashe na 25 ya amince cewa wanda aka haifa a waje ɗan ƙasa ne idan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan Najeriya ne, amma nasu neman farko ne, kuma sai sun kawo hujjar wannan dangantaka, wato fasfon mahaifi ko na mahaifiya da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar da iyayen suka fito.