Waiwaye: Yadda talakawan duniya suka taya Afirka ta Kudu yaƙar wariyar launin fata

Ranar 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka buɗe wuta a garin Sharpeville kan baƙar fata masu zanga-zangar ƙin jinin takardar izinin shiga gari, suka kashe mutum 69, da yawansu a baya harsashi ya same su suna gudu. Kafin wannan rana, mulkin wariyar da aka kafa a 1948 ya fi kama da matsalar cikin gida. Bayanta, ya zama abin kunyar duk wanda ke ciniki da gwamnatin Afirka ta Kudu da ke Pretoria.

An riga an fara motsi a Landan tun Yunin 1959, inda aka yi taron kira ga jama'a su daina sayen kayan Afirka ta Kudu, Julius Nyerere na cikin masu jawabi. A 1961, matsin lambar shugabanni irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sa Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila.

Najeriya ba ta da iyaka da Afirka ta Kudu, amma aka riƙa lissafa ta cikin ƙasashen sahun gaba a wannan gwagwarmaya, kuma ba a banza ba. Bayan kisan ɗalibai a Soweto a Yunin 1976, aka kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati suka bayar da wani kaso na albashinsu, abin da daga baya mutane suka riƙa kira harajin Mandela. Malamin firamare a Gusau ko akawu a Bauci, wanda bai taɓa ganin Johannesburg ba, ya sa hannu a aljihu. A shekarar ce kuma 'yan wasanmu suka kwaso kayansu daga gasar Olamfik ta Montreal tare da sauran ƙasashen Afirka sama da 20, don an bar New Zealand ta shiga alhali 'yan wasan zari-rugarta sun je wasa Afirka ta Kudu. Duk wanda ya san wahalar atisayen shekara huɗu ya san abin da aka sadaukar. A Majalisar Ɗinkin Duniya ma, kujerar shugaban kwamitin yaƙi da wariya ta daɗe a hannun 'yan Najeriya, ciki har da Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule, da Joseph Garba, da Ibrahim Gambari. Shi ya sa hare-haren da aka kai wa baƙi 'yan Afirka a Afirka ta Kudu a 2008 da 2015 da 2019 suka yi mana ciwo sosai.

Labarin da ya fi taɓa ni kuwa daga Dublin, babban birnin ƙasar Ireland, yake. Ranar 19 ga Yulin 1984, wata budurwa mai karɓar kuɗi a kantin Dunnes, Mary Manning, ta ƙi karɓar kuɗin lemon da aka shigo da shi daga Afirka ta Kudu, bisa umarnin ƙungiyar ƙwadagonsu. Aka dakatar da ita. Abokan aikinta ƙalilan suka bi ta waje, suna zaton abin na kwana biyu ne. Sai da suka yi shekara biyu da wata tara a bakin kantin, cikin ruwa da sanyi, da ɗan abin da ƙungiya ke ba su, har gwamnatin ƙasar ta haramta shigo da kayan gonar Afirka ta Kudu a 1987. Da farko ba su san komai game da wariya ba. A bakin kantin suka koya, daga 'yan gudun hijirar da ke zuwa taya su tsayuwa.

Gwamnatocin manyan ƙasashe su ne suka zo a makare. Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta yi ta jan ƙafa kan takunkumi, a Amurka kuma sai da majalisa ta tsallake ƙin amincewar Shugaba Ronald Reagan a 1986 kafin dokar ta tabbata. Su 'yan Afirka ta Kudu ne suka zubar da jini, wannan ba ya cikin gardama, amma matsin waje ya sa bankuna suka ƙi sabunta wa ƙasar bashi a 1985, tattalin arzikin ya fara tangaɗi.

An saki Mandela ranar 11 ga Fabrairun 1990. Cikin watannin da suka biyo baya ya zo Najeriya godiya, ya kuma je Dublin, inda ya gana da 'yan matan kantin nan.