Wai tun yaushe doka ta fara kiran abu "ta'addanci"?

Mutane da dama sun ɗauka laifin ta'addanci tsohon laifi ne kamar sata ko kisan kai, alhali ba haka ba ne fa. A da in mutum ya dasa bam ya kashe jama'a, da laifin kisa kawai za a kai shi kotu. Ita kanta kalmar "terrorism" da Turawa ke amfani da ita daga juyin juya halin Faransa ta fito wajen 1793, kuma a lokacin gwamnati ce ke firgita talakawa da fille kawuna.

A ƙarni na 19 ma ƙasashen Turai da yawa ba sa miƙa wanda ya yi laifin siyasa in ya gudo musu, shi ya sa bayan an kashe Sarki Alekzanda na Yugoslabiya a birnin Marsai na Faransa a 1934 Italiya ta ƙi miƙa waɗanda ake zargi, wannan ne ya tunzura Ƙungiyar Ƙasashe ta wancan zamani ta rubuta yarjejeniya a 1937, inda ta ce ta'addanci laifi ne da aka yi wa ƙasa da nufin jefa tsoro a zukatan mutane. Indiya kaɗai ta tabbatar da ita, ba ta taɓa fara aiki ba.

To da aka kasa daidaitawa kan ma'ana sai aka koma bi ɗaya bayan ɗaya. Fashin jirgin sama aka yi masa yarjejeniyarsa a 1970, garkuwa da mutane a 1979, tayar da bam a 1997. Dalilin kasawar kuwa ba ɓoyayye ba ne, bayan harin da aka kai wa 'yan wasan Isra'ila a gasar Olamfik ta birnin Munik na Jamus a 1972 an zauna a Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashen Afirka da na Larabawa suka ce masu yaƙin ƙwatar 'yanci daga 'yan mulkin mallaka ba 'yan ta'adda ba ne, Yammacin duniya suka ce a'a. Kar a manta sunan Mandela sai 2008 Amurka ta cire shi daga jerin waɗanda take sa wa ido.

Yarjejeniyar hana ba da kuɗin ta'addanci ta 1999 ita ce ta ɗan kusa ba da ma'ana, ta ce kashe farar hula ko yi masa mummunan rauni don tsorata jama'a ko tilasta wa gwamnati yin wani abu. Ka ga nan niyya ce ta zama ginshiƙi, aiki iri ɗaya ne amma manufar mai yi ke sauya sunan laifin. Dokar Birtaniya ta 2000 ta ƙara da cewa sai in an yi don siyasa, addini ko aƙida.

Bayan 11 ga Satumba 2001 Kwamitin Sulhu ya fitar da ƙudiri mai lamba 1373 ya umarci kowace ƙasa ta hukunta ta'addanci, amma bai faɗi ma'anarsa ba, kowa ya je ya rubuta tasa. A nan ne ni nake ganin matsalar take, don yanzu doka tana kama mutum tun kafin ya yi komai, tara kuɗi, karɓar horo, shiga ƙungiya, a Birtaniya tun 2006 har kalaman ƙarfafa gwiwa laifi ne, sannan wasu gwamnatocin sun faɗaɗa tasu har tana hawa kan 'yan jarida da 'yan adawa. Daftarin cikakkiyar yarjejeniya da Indiya ta kawo a 1996 kuwa har yau yana kan teburi.