Mene ne "bent fayif" da masu aikin famfo ke yawan ambata?

In ka bi ta Samaru ko Hanwa a Zariya ka ɗaga kai, za ka ga wani siririn bututun roba ya bi jikin bangon bayan gida ya leƙa saman kwano, bakinsa a buɗe, ruwa ba ya bi ta ciki. Shi ne fulamba ke kira bent fayif. Ni na fi son in ce masa bututun numfashi, don aikinsa ke nan: yana shigar da iska cikin magudanar gida, yana kuma fitar da warin sokawe can sama inda hanci ba ya kaiwa.

Duk wanda ya taɓa huda gwangwanin madara ya san sirrin. Huda ɗaya, madarar sai ta riƙa fitowa da kyar tana tsayawa. Ka ƙara ta biyu a ɗaya gefen, sai ta zubo sumul. Haka ruwa yake a bututu. In an kora masai, ruwan da ya cika bututu mai inci 4 yana tura iskar gabansa, yana kuma zuƙo ta bayansa. Idan babu inda iskar za ta shigo, sai ya zuƙo ta daga mafi kusa, wato bakin sinki ko ramin ruwan wanka.

A nan matsalar take. Leƙa ƙarƙashin sinkinka, za ka ga bututun ya lanƙwashe kafin ya shiga bango. Ba ado ba ne. A cikin lanƙwasar nan akwai ɗan ruwa, zurfinsa kamar inci 2, wanda kullum yake zaune yana tare warin da ke tasowa daga ƙasa. Tun 1775 wani maƙerin agogo a Landan, Alexander Cumming, ya yi rajistar wannan dabara, har yau kuma ita ake amfani da ita. To idan bututun numfashi ya toshe, ko ba a sa shi ba tun farko, wannan ɗan ruwan ne ake zuƙewa. Sai ka ji sinki na ƙugi "gul-gul" alhali ba a taɓa shi ba, jim kaɗan kuma wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗaki.

Na ga wannan da idona a gidan gwaggona a Tudun Jukun. Wata biyu tana fama, ta zuba ruwan zafi, ta zuba omo, ta ƙona turaren wuta har ya ƙare. Wani ya zo ya ce a fasa tayil. Allah ya taimake ta ta kira wani dattijon fulamba, ya sa aka kora masai shi kuma ya kasa kunne a bakin sinki. Ya ce, "Hajiya, magudanarki lafiya lau take, numfashi ne ba ta samu." Ya ɗora tsani ya hau. Ashe zanzaro ne ya yi gini a bakin bututun, ya liƙe shi da laka tsaf. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne saura kiris a farfasa mata bandaki a banza.

Ba kowane jinkirin ruwa ne laifin iska ba, kuma rarrabewar ba ta da wuya. In wuri ɗaya ne kawai ruwa ke tsayawa, toshewa ce ta nan kusa: gashi, maiƙo, guntun soso. In kuwa ko'ina ya yi nauyi, har ruwa na dawowa ta ramin wanka idan an kora masai, je ka ɗaga murfin camba, wato ɗan ramin siminti da bututan gida ke haɗuwa a ciki kafin su nufi sokawe. Ka tarar da ita cike, to matsalar tana gaba, ko bututun da ya nufi sokawe ya toshe ko sokawen ya cika. Wannan ya fi yawa a watan Agusta, lokacin da ƙasar Zariya ta sha ruwa ta ƙoshi ba ta iya tsotsar ƙari. Ƙugi da wari tare da camba mai gudu yadda ya kamata, su ne ke nuna bututun numfashi.

Akwai kuma warin hunturu, wanda yake ruɗar mutane. Bandakin baƙi da aka rufe makonni, iskar ɗari mai bushewa sai ta ƙafar da ruwan lanƙwasar. Wannan buta ɗaya ce maganinsa, a zuba a kowane rami.

Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya: kada a tura yaro ya leƙa ko ya sauka cikin sokawe. Iskar ciki tana sumar da mutum nan take, kuma tana kama wuta, don haka ba a haska ramin da ashana.

Mai sabon gini kuwa, ya tsaya a kan fulamba ya fitar da bututun sama da kwano, nesa da taga, ya ɗaura masa ragar sauro a baki don ƙadangare da ƙudaje.